Gaɓa Tara da Baffa Kilian Ya Ƙara

Altenrode, 3 ga Agusta, 1752

Zuwa ga Goggo Sidonia, a Stralsund.

Gaisuwa da ladabi, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen gidanki. Ba ki san ni ba. Sunana Traugott Wendler. Mahaifina, marigayi Gottlob, ɗan ƙanin mahaifinku ne. Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da na taho da shi daga Jena, inda na gama karatun shari'a a watan Mayu.

Ina baƙin cikin sanar da ke cewa yayanki, Baffa Kilian, mai busa sarewa a fadar Graf, wato mai mulkin garin nan, ya rasu ranar Talata 18 ga Yuli, wajen ƙarfe goma na safe. Bai sha jinya ba, kwana huɗu ne. Allah ya ba shi hutawa, ya ba ki haƙuri.

Da yake ni kaɗai ne ɗan'uwa a kusa, fada ta ɗora mini aikin jera takardunsa. Ga ƙa'idar. Duk kiɗan da ma'aikacin fada ya rubuta, in cikakke ne, ya shiga kabad ɗin fada a adana shi. Wanda bai cika ba kuwa takardar banza ce, a auna ta a ba mai sayar da cuku ya riƙa naɗe kaya. Ranar Mika'ilu, 29 ga Satumba, zan ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki gaban Magatakarda Zeidler in rantse cewa jerin nan gaskiya ne.

Na samu kiɗa sittin da uku cikakku. Na sittin da huɗu ne ya sa na rubuto miki. Sonata ce mai kashi huɗu. Kin fi ni sanin cewa irin wannan kiɗa na mutum biyu ne: mai sarewa da takardarsa, mai cembalo kuma, akwatin kiɗan nan mai wayoyi da ake dannawa da yatsu, da tasa takardar ta muryar ƙasa, wadda sarewar ke takawa a kanta. Takardar sarewa tana nan, gefenta ya yi baƙi don yawan taɓawa. Ta ƙasa babu ita.

Na duba gidan sau uku. A na ukun Rosina, tsohuwar da ke masa girki, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Lauya, ko bene za ka rushe ba za ka gan ta ba. Ƙasan wannan yana bakin teku, yana cin kifi."

Ke take nufi, kuma ita ta ba ni sunan unguwarku. Ta kuma ce kullum ƙarfe huɗu na yamma Baffa yakan janyo kujerar cembalo kamar wani zai zauna, sannan ya koma tsakiyar ɗaki ya busa wannan sonata shi kaɗai. Shekara ashirin da biyu tana gidan, ba ta ga ranar da ya tsallake ba.

Goggo, in takardar tana wurinki, ina roƙo ki aiko da ita. An ce wasiƙa tana kwana tara ko goma a hanya, don haka akwai lokaci.

Ɗanki mai biyayya,
Traugott Wendler


Altenrode, 15 ga Agusta

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Tarin ya yi sauƙi. Na san amsarki ba ta isa zuwa ba tukuna, na ƙirga kwanakin. Wani abu ne ya faru, kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

A Jena na ɗan koyi busa, kamar yawancin ɗaliban shari'a. Ranar 7 ga wata, ƙarfe huɗu, na ɗauki sarewar Baffa don in gwada kashi na farko, in ga ko zai iya tsayuwa shi kaɗai a kira shi cikakke. Rana tana haska ɗakin, taga a buɗe, ana jin mai burodi yana faɗa da matarsa. Ina kai gaɓa ta uku, wato gida na uku a layin rubutun kiɗan, na ji muryar ƙasa tana tafe da ni. Cembalo ne, a hankali, kamar daga bayan bango. Na tsaya, ta tsaya.

Na ce wayoyin cembalo ne ke amsa sarewa, ana samun haka. Ranar 8 na lulluɓe shi da barguna biyu. Na ji ta. Ranar 10 na sa masu dako sun kai shi gidan fasto. Ranar 11, ɗakin babu komai sai ni da kujera, na ji ta fiye da kullum. Na gwada ƙarfe biyu da ƙarfe shida, ban ji komai ba.

Na kira Rosina ta tsaya ta saurara. Da na gama ta ce, "Ni dai na ji wani lauya yana azabtar da icen mutane." Na ce ba ki ji komai a ƙarƙashi ba? Sai ta daina dariya. Ta ce, "Ni ban taɓa ji ba. Amma shi ma haka yake karkata kai hagu, yadda ka yi yanzu."

Na rubuta abin da nake ji, gaɓa ashirin da huɗu na kashin farko. Kwana uku ya ɗauke ni. Ga shi na haɗo. Ba zan iya sa shi a jerin fada ba, domin ba zan rantse a kan abin da ban san mai shi ba. Sauran kashi ukun ban taɓa su ba. Gaskiya tsoro nake ji.

Ki duba, ki gaya mini ko kaina ne ya taɓu.

Traugott


Stralsund, 16 ga Agusta

Ɗan Gottlob,

Wasiƙarka ta 3 ga wata ta iso. Lafiyata sai godiya, in ka cire sanyin ƙashi da ya lanƙwashe mini yatsu. Mijina ya rasu shekara shida ke nan, shagon igiyoyin jirgi yana hannun surukina. Ubanka na san shi yana yaro, mai yawan majina. Ka sha zuma da albasa don tarin.

To, Kilian ya tafi. Na zauna da labarin kwana biyu kafin in ɗauki alƙalami.

Takardar tana wurina, kuma ba zan aiko ba. Tun da kai mai son gaskiya ne filla-filla, ga ta. Mu biyu muka yi sonatar nan a ɗakin da kake ciki, ina da shekara ashirin da huɗu. Shi ya yi sama, ni na yi ƙasa, hunturu guda muna faɗa a kan kowace gaɓa. Da aka kira shi gwajin aiki a fada, sai ya ce in ba shi takardata ya kai wa mai cembalon fada, wai mace ba ta zama a gaban Graf. Na ce na ji, amma a faɗi wanda ya yi ƙasan. Ya yi dariya ya ce, "Sidonia, wa ya taɓa tambayar sunan mai ƙasa?"

Da safiyar gwajin na naɗe takardata na hau keken wasiƙu. An ce ya tsaya gaban fada cike da mutane, mai cembalo ya buɗe hannu yana jira, babu abin da za a ba shi. Ya samu aikin da wani kiɗa dabam, amma an yi shekaru ana masa ba'a. Bai rubuto ba, ban rubuta ba. Shekara talatin da ɗaya.

Bari mai cuku ya naɗe. Aƙalla wani zai amfana.

Goggonka,
Sidonia


Stralsund, 27 ga Agusta

Traugott,

Ka yi watsi da abin da na rubuto maka ranar 16. Ashe wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Ta biyunka ta zo shekaranjiya.

Na fito da takardata daga ƙasan akwati na shimfiɗa ta kusa da taka. Kai mai ƙirga ne, to ƙirga: cikin ashirin da huɗu, ashirin da biyu sun dace ɗigo da ɗigo. Ta sha ɗaya da ta sha biyu ne suka saɓa. A takarda muryar tana hawa. A taka tana sauka.

Ni ce nake saukar da ita. Kullum in mun zo wurin sai hannuna ya ƙi bin takarda, Kilian ya cire sarewa daga baki ya ce, "Sidonia, sama aka rubuta!" In ce masa sama babu daɗi. Ban taɓa gyara takardar ba, ban taɓa kaɗa ta gaban kowa ba sai shi. Ba a ma haife ka ba lokacin.

Ka tambaye ni ko kanka ya taɓu. Ni ma ina da tambaya. Ga ni nan a raye, jiya ma miyar kifi na sha, yatsuna ba sa iya ɗaura zare a allura. To wace ce a ɗakin nan?

Ga takardar. Na naɗe ta da ƙyallen mai don ruwa. Ka haɗa su, ka rantse, a rufe su a kabad, ko a samu kowa ya huta. Kada ka ƙara busa ƙarfe huɗu, ka ji ko? Ka fita ka sha iska kamar sauran samari.

Sidonia


Altenrode, 9 ga Satumba

Goggo,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Allah ya sassauta miki ciwon yatsu. Wasiƙarki ta 16 ga Agusta ta same ni ranar 26, kuma na yi kwana goma sha ɗaya ina ganin magana ta ƙare. Har na je na tsaya a ƙofar mai cuku ina kallon yadda yake yage takarda da hannu ɗaya. Ranar 6 ga wannan wata sai ga takardar ƙasa. Na yi murna na kwana biyu. Jiya na zauna ƙirga.

Kashi na farko, na biyu da na huɗu sun dace, sama da ƙasa. Kashi na uku, mai tafiya a hankali, shi ne matsala. Takardarki gaɓa talatin da takwas ce. Tasa arba'in da bakwai.

Na gano dalili. A tasa, bayan gaɓa ta talatin akwai ƙyallen takarda da aka liƙa, mai gaɓa tara. Tun farko na gan shi, na ɗauka gyara ne. Ashe ƙari ne. Takardar sabuwa ce, rubutun kuma na hannu mai rawa. Rosina ta ce a hunturun da ya wuce ya roƙe ta ta dama masa ƙullun liƙi, ya zauna da shi yini guda. Wato gaɓa tara ne da ba ki taɓa gani ba, kuma babu ƙasa a ƙarƙashinsu.

Na kai wa Magatakarda Zeidler, domin ban ga yadda zan ɓoye ba. Ya juya takardun ya ce, "Haba Lauya, kai da ka iya kiɗa? Cike gurbin mana. Ko ka ɓamɓare ƙyallen, magana ta ƙare. Wa zai buɗe kabad ɗin nan? Ni kaina sai na shafa wa makullin mai kafin ya juya."

Na ce in na cike, na ƙirƙira. In na ɓamɓare, na rage.

Ya ce, "To in ba ka yi ko ɗaya ba, ka ba mai cuku. Zaɓi wanda cikinka zai ɗauka. Yaran Jena dai, kowa da ciwonsa."

Goggo, na saɓa miki a abu ɗaya. Jiya ƙarfe huɗu na busa kashi na uku. Muryar ta bi ni daidai da takardarki har gaɓa ta talatin. Da na shiga na Baffa sai ta rikice. Ta taɓa sauti ɗaya ta sake shi, ta taɓa wani, ta koma, kamar hannu yana lalube a kan tebur. Haka ta yi har tara suka ƙare, sannan ta kama hanya kamar ba a yi komai ba. Wannan laluben ya fi komai tayar mini da hankali. Na ajiye sarewar.

Ga gaɓa taran na kwafe miki, tare da biyu na gaba da biyu na baya. Ke kaɗai ce za ki rubuta musu ƙasa in rantse ba tare da ƙarya ba, domin ke ce mai ƙasan. Na lissafa: wannan za ta same ki ranar 18 ko 19. In amsarki ta taso a ranar, za ta iso 28 ko 29. In ta kwana, ta makara.

Traugott


Altenrode, 21 ga Satumba

Goggo,

Ina gaishe ki. Na san wannan ba za ta same ki a kan lokaci ba, kuma ba ta da wani amfani. Tarin ya dawo.

Na sake karanta kwafin wasiƙata ta 9 ga wata, na ga na rubuta miki kamar mai ba da umarni, har da ranaku. Mutumin da ya hana a faɗi sunanki ya bar tambaya, ni kuma na ce ki amsa masa cikin yini guda. In kin yi fushi kin ƙi, kina da gaskiya.

An yi ruwa kwana biyar, an ce hanyar arewa ta lalace a wurare biyu. Kullum ina zuwa gidan wasiƙu, har mai gidan ya fara ce mini ango, wai wasiƙar amarya nake jira.

Na yanke shawara tun yanzu don kada ranar ta zo in raunana. In babu amsa, zan rubuta "bai cika ba" a gaban lamba sittin da huɗu. Takardarki zan mayar miki, taki ce. Tasa kuwa ta fada ce, ni zan kai ta shagon da hannuna. Rosina ta daina yi mini magana tun da na gaya mata. Abinci kawai take ajiyewa ta juya.

Traugott


Stralsund, 19 ga Satumba

Ɗana,

Wasiƙarka ta zo da hantsi, keken wasiƙu zai tashi ƙarfe biyar, don haka gaisuwa a taƙaice. Ina lafiya.

Ba ni da cembalo. Na share teburin girki na zauna, na jingina takardarka da tulun gishiri, na riƙa rera sama da baki ina taka ƙasa da yatsu a kan katako. Surukina ya leƙo ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce fita.

Na ji abin da yake yi a gaɓa taran nan. Yana hawa ya tsaya, ya sauko ya sake hawa, sau uku, kowane ya fi na baya tsawo. Haka yake yi in yana jiran in shigo. Na san Kilian. Bakinsa ba zai iya cewa yi haƙuri ba ko za a yanka shi, sai ya sa a dama ƙullu.

Na gwada hanya huɗu. Duk sun zauna daidai, malamin kiɗa ba zai ga kuskure ba. Duk na yage su. Kowacce in na taka ta sai in ji tana cewa ina wurin, alhali ba na wurin. Ya yi hunturun nan shi kaɗai, da wanda ya gabace shi, da sauran duka. Sau nawa na ɗauki alƙalami a shekarun nan in ajiye? Ni ma ban iya ba. Ba zan zo yanzu da yake cikin ƙasa in cusa hannu ƙarƙashinsa kamar tare muka tsufa ba.

Ga ƙyallen takarda. Na ja layuka biyar, na raba gida tara, na sa alamar shiru a kowane gida, da hannuna, na sa suna a baya. Wannan shi ne ƙasan da na rubuta wa wurin. Ba gurbi ba ne, kai lauya, ka san bambanci: an rubuta wa mai cembalo ya ɗaga hannu ya jira. Ka liƙa shi bayan gaɓa ta talatin. Arba'in da bakwai da arba'in da bakwai. Rantse abinka.

Ka gaishe da Rosina. Ka ce na gode da ta ciyar da shi.

Sidonia


Altenrode, 30 ga Satumba

Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata lau. Wata wasiƙa tawa ta 21 ga wata tana hanya ko ta riga ta iso, ki ƙona ta.

Taki ta zo ranar Alhamis 28, ƙarfe ɗaya da rabi, a jiƙe ta gefe ɗaya, amma ƙyallen bai taɓu ba. Rosina ta dama ƙullu tun kafin in tambaya.

Jiya na rantse. Magatakarda Zeidler ya daɗe yana kallon ƙyallenki. Ya ce, "Wannan ai babu komai a ciki." Na ce akwai shiru tara, a rubuce, da sa hannun mai su. Ya ƙirga da ɗan yatsa, ya ƙirga na sama, ya ce, "Wato wata biyu ka yi kana jiran a aiko maka da shiru daga bakin teku?" Na ce e. Ya girgiza kai ya buga hatimi. A jerin na rubuta cewa lamba sittin da huɗu aikin hannu biyu ne, na Kilian Wendler da na Sidonia Wendler. Ya ce ba a saba ba. Na ce a kan abin da ke rubuce zan rantse. Ya bar shi. Sonatar tana kabad, shiryayye na uku daga sama, takardun biyu a ɗaure da zare ɗaya.

Saura abu ɗaya, kuma na sake saɓa miki. Ranar Alhamis, da ƙullun ya bushe, ƙarfe huɗu ta yi. Na ga ba zan ƙara samun takardun a hannuna ba. Na ɗora taki a kan kujera, a buɗe, na tsaya a tsakiyar ɗaki na fara kashi na uku.

Muryar ta zo kamar kullum, ta raka ni har gaɓa ta talatin. Daga nan babu lalube. Ta ɗauke cak, yadda mai kiɗa ke ɗaga hannu in ya ga alama. Ban ji mai burodi ba, ban ji titi ba, sai numfashina a cikin icen. Na hau na tsaya, na sauko na sake hawa, sau uku, babu komai a ƙarƙashina. Na ƙirga su, tara ne cif, amma ban taɓa sanin tara tana da tsawo haka ba.

A gaɓa ta arba'in na ja numfashi na jira ta shigo. Ta shigo, Goggo, daidai kan lokaci, muka sauka tare har ƙarshe.

Ɗanki,
Traugott